Haƙƙin Ɗan Baƙo na Shiga Makaranta a Birnin Sakkwato: Matakan da Iyaye Za Su Bi In An Ƙi Karɓar Yaro

1.0 GABATARWA

A ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 1999, a nan birnin Sakkwato, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Olusegun Obasanjo, ya ƙaddamar da shirin ba da ilmin bai-ɗaya, wanda jama'a suka fi sani da shirin UBE. Bayan shekara biyar, watau a 2004, sai aka kafa dokar da ta ba shirin gindin zama, ta kuma wajabta wa kowace gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro ilmin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu, mu da muke zaune a garin da aka aza harsashin wannan shiri, ita ce: shin da aka ce kowane yaro, har da ɗan mutumin Ƙonni ko Tawa ko Doso wanda ya tare da iyalinsa a Mabera ko Gidan Igwai?

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa lalle har da shi. Za mu nuna cewa doka ta rataya haƙƙin shiga makaranta ne a kan shekarun yaro, ba ta rataya shi a kan takardun iyayensa ba. Daga nan sai mu duba dalilan da akan bayar in za a mayar da yaro gida, mu auna kowane ɗaya da ma'aunin doka, sa'an nan mu jero matakan da uba ko uwa za su bi, daga ofishin hedimasta har zuwa kotu. Makarantun gwamnati muke nufi a duk bayaninmu, domin makarantun kuɗi suna da nasu sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai.

2.0 SU WANE NE BAƘIN?

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu fayyace abin da muke nufi da baƙo, domin kalma ce mai wuyar sha'ani a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, Maratta kuwa a yau cikin Jamhuriyar Nijar take. Iyakar da ke arewa da mu Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Ta ratsa tsakiyar Gobirawa, ta bar Tsibiri a can, Sabon Birni a nan; ta kuma shiga tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, garuruwa biyu masu cin kasuwar juna. A cikin birnin Sakkwato har yanzu akwai mazaɓu masu ɗauke da sunan Sarkin Adar, alhali ƙasar Adar tana yankin Tawa. Saboda haka wanda muke kira baƙo a nan baƙon takarda ne kurum, sau da yawa harshensa da al'adarsa da danginsa duk namu ne.

Ana iya kasa waɗannan baƙi gida uku:

(a) Tsofaffin mazauna, irin Adarawa da Zabarmawa da Buzaye waɗanda farin 1973 zuwa 1974 ko na 1984 ya koro, ko kuma neman abinci ya kawo su, suka zauna suna gadi ko ga-ruwa ko sayar da shayi ko fataucin dabbobi. 'Ya'yansu da jikokinsu a nan aka haife su.

(b) 'Yan cin rani da 'yan kasuwa waɗanda suka ɗauko iyali daga baya. 'Ya'yansu a can aka haife su, wasu ma sun fara makarantar Faransanci kafin a taso.

(c) Waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da gidajensu a Nijar ko Mali. Waɗannan suna tarayya da 'yan ƙasa da suka gudo birni daga Sabon Birni ko Isa ko Rabah a matsala guda, watau sun taso ba su ɗauko takarda ko ɗaya ba.

Akwai wani abin lura game da kashi na farko. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna cewa wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje ma ɗan ƙasa ne in ubansa ko uwarsa 'yan ƙasa ne. Idan muka tuna yawan auratayya tsakanin mutanen Gada da Tangaza da Gudu da 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka, za mu ga cewa yara da dama da ake yi wa kallon baƙi, a wurin doka 'yan ƙasa ne. Amma haihuwa a Sakkwato ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, in iyaye da kakanni duka na waje ne.

Abubuwan da suka faru cikin 'yan shekarun nan sun ƙara wa baƙi ɗar-ɗar. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Nijeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024, sa'an nan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Dattawa kuma ba su manta da korar baƙi ta 1983 ba. Duk wannan yana sa uba ya ja da baya da zarar an ambaci takarda. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan al'amura da ya taɓa dokar ilmi, kamar yadda za mu gani.

3.0 MATSAYIN DOKA

3.1 Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004

Wannan doka ita ce babban makamin iyaye, don haka za mu ɗan tsaya a kanta. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin ba da ilmin tushe kyauta, kuma tilas, ga kowane yaro da ya isa shiga firamare ko ƙaramar sakandare. Da dokar ta zo fassara kalmar yaro, sai ta ce shi ne mai shekara 6 zuwa 16, ko yana da nakasa ko ba shi da ita. Ba ta ambaci ƙasa ko jiha ko ƙabila ba. Har wa yau, da ta zo fassara ilmin bai-ɗaya, ta lissafa rukunin mutanen da ke bukatar kulawa ta musamman, cikinsu da makiyaya da masu ƙaura da almajirai da 'ya'ya mata.

Daɗin daɗawa, dokar ta wajabta wa iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, ta kuma yanka hukunci ga wanda ya ƙi: a karo na farko a ja masa kunne, a na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. To, hankali ba zai ɗauka ba a ce doka ɗaya ta tilasta wa uba ya kai ɗansa makaranta, kuma ta yarje wa makarantar ta rufe masa ƙofa. Sashe na 3 kuwa ya haramta karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ga wanda ya karɓa.

Dokar ce kuma ta tsara hukumomin da za a kai wa kuka: Hukumar Ilmin Bai-ɗaya a kowace jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, da Hukumar Ilmi a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin Sakataren Ilmi. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 15, ta zo da irin wannan magana, Jihar Sakkwato kuma ta kafa tata Dokar Kare Yara a 2021.

3.2 Tsarin Mulki da Hukuncin Kotuna

A nan akwai wani giɓi da bai kamata mu ɓoye ba. Batun ilmi a Tsarin Mulkin 1999 yana sashe na 18 ne, cikin Babi na Biyu, sashe na 6 kuwa ya nuna cewa manufofin wannan babi ba a tuhumar gwamnati a kansu a kotu. Haka kuma sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci, ɗan ƙasa kaɗai ya ambata. Watau baƙo na ainihi ba zai dogara da sashe na 42 ba.

Abu biyu suka toshe wannan giɓi. Na farko, Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta 1981, wadda a sashe na 17 ta ba kowane mutum haƙƙin ilmi. Nijeriya ta mai da ita dokar cikin gida a 1983, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a shekarar 2000, a shari'ar Abacha da Fawehinmi, cewa kotunan ƙasar nan suna iya aiki da ita. Kotun ECOWAS ma, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta kai gwamnatin Nijeriya, ta yanke a 2009 cewa haƙƙin ilmi abu ne da ake iya nema a gaban shari'a. Na biyu, a 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar, ta yanke cewa tun da Majalisa ta kafa dokar 2004, ilmin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ya tashi daga matsayin manufa, ya zama haƙƙin da kotu za ta tilasta.

3.3 Yarjejeniyoyin Duniya

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Haƙƙin Yara a 1991. A 2009 kuma ta shiga yarjejeniyar 1990 ta kare haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu, wadda sashenta na 30 ya fito fili ya hana a ƙi karɓar yaro a makarantar gwamnati saboda zaman iyayensa bai bi ƙa'ida ba. Ga 'yan gudun hijira kuwa, sashe na 22 na yarjejeniyar 1951 ya ce a yi musu yadda ake yi wa 'yan ƙasa a ilmin firamare. Gaskiya ne sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai Majalisa ta zartar da ita, amma duk da haka waɗannan alkawura ne da ƙasa ta ɗauka a idon duniya, lauya kuma yana iya kafa hujja da su wajen fassara dokar gida.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, Jihar Texas ta yi doka a 1975 don hana kashe kuɗin gwamnati kan karatun 'ya'yan baƙi marasa takarda, Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe ta a 1982. A Afirka ta Kudu ma wata babbar kotu ta yanke a 2019 cewa ba a hana yaro makaranta don ba shi da takardar haihuwa ko takardar zama. Tushen hujjar ɗaya ne: yaro bai zaɓi inda za a haife shi ko inda za a kai shi ba, don haka ba a kama shi da laifin wani.

4.0 DALILAN DA AKAN BAYAR

Abu na farko da uba zai yi shi ne ya san ainihin dalilin da ya sa aka ƙi ɗansa, domin kowane dalili da maganinsa.

4.1 Rashin takardar haihuwa

Hedimasta yana da gaskiya in ya nemi sanin shekarun yaro, domin rajistar makaranta tana bukatar ranar haihuwa. Amma takarda hanya ce ta sanin shekaru, dokar 2004 ba ta sa ta cikin sharuɗɗan shiga aji ba. In a Nijeriya aka haifi yaron, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin yi masa rajista bisa dokar 1992, ko da iyayensa 'yan wata ƙasa ne, kuma tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da manyan asibitoci. In kuwa a Nijar aka haife shi, takardar haihuwarsa ta can hujja ce, sai dai a sami mai jin Faransanci ya fassara ta. In babu ko ɗaya, uba ko uwa suna iya zuwa kotu su yi takardar rantsuwar shekaru. Katin riga-kafi na asibiti ma yakan taimaka wajen gano shekarar. Abin da ya dace a roƙa shi ne a rubuta sunan yaro ya fara karatu, a ba uba wa'adi ya kawo takarda.

4.2 Rashin takardar shaidar asali

A nan ne aka fi samun ruɗani. Takarda uku ce mutane ke cakuɗawa: takardar haihuwa, wadda ke nuna yaushe da ina aka haifi mutum; takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen rabon guraben aiki da tallafin karatu da shiga manyan makarantu; da takardar izinin zama, wadda ke tsakanin baƙo da Hukumar Shige da Fice. Ta biyu da ta uku ba su da hurumi a rajistar firamare. Dokar 2004 ba ta ɗora wa hedimasta aikin binciken takardun zama ba. A zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, gwamnatin jiha ta soke bambancin kuɗin makaranta tsakanin 'yan asalin jiha da sauran 'yan Nijeriya mazauna cikinta. Wannan ya nuna inda manufar jiha ta fuskanta.

4.3 Babu wuri

Wannan dalili sau da yawa gaskiya ne, bai kuma kamata mu ɗora wa hedimasta laifin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tsara malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, duk wanda ya leƙa azuzuwan sababbin unguwannin birni kuwa ya san an wuce haka nesa. Amma cikar aji hujja ce ta a tura yaro wata makaranta, ba ta isa hujjar a zaunar da shi gida ba. Nauyin yana kan gwamnati, Sakataren Ilmi kuma shi ya san makarantar da ke da sarari. Abin da uba zai lura da shi kawai shi ne, in an ce masa babu wuri, sa'an nan ya ga an karɓi wasu bayansa, to maganar ta sauya.

4.4 Kuɗi

Wani lokaci ba a fito an ƙi yaro ba, sai dai a ce a kawo kuɗin fom ko na benci ko na rajista, baƙo kuma ya ɗauka haka doka take a wannan ƙasa. Mun riga mun ga hukuncin sashe na 3. Gudummawar da iyaye suka yi yarjejeniya a kanta a taron iyaye da malamai daban take, ita ma bai halatta ta zama sharaɗin shiga aji ba. Duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ya nemi rasit.

4.5 Harshe da girman yaro

Akan ce yaron da ya fara makarantar Faransanci ba zai gane karatu ba, ko kuma a ce ɗan shekara tara ko goma ya yi wa aji ɗaya girma. Firamare shekara shida ce a Nijar, kamar yadda take a nan, lissafi kuma bai da ƙabila. Yaron da ya taso daga Madawa ko Dogon Dutse yana jin Hausar da malami da ɗalibai ke fahimtar juna da ita a ƙananan azuzuwa. Abin da ya dace shi ne a gwada shi, a sa shi ajin da ya yi daidai da shi, ko da za a mayar da shi baya da shekara guda. Wanda ya girma kuwa, in bai wuce 16 ba, yana cikin waɗanda doka ta ambata. Akwai kuma azuzuwan Hukumar Yaƙi da Jahilci ta jiha da makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa musu hukuma ta ƙasa tun 1989.

5.0 MATAKAN DA IYAYE ZA SU BI

Mu ƙaddara wani magidanci ne mutumin Tawa, yana sayar da ruwa a wata unguwa ta Sakkwato ta Kudu, ya kai 'yarsa mai shekara bakwai makarantar unguwa a farkon zango, aka ce masa sai da takardar ƙaramar hukuma. Ga abin da muke ganin zai yi, bi da bi.

Mataki na farko: ya koma ya ga hedimasta da kansa, domin mai yiwuwa wanda ya mayar da shi malamin rajista ne ko mai gadi. Ya tafi da yarinyar da duk takardar da yake da ita, da kuma wani maƙwabci ɗan gari wanda aka sani. Ya tambayi dalili cikin ladabi, ya riƙe ranar da abin da aka ce masa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, rakiyar mutum guda takan warware abin da takarda goma ba su warware ba.

Mataki na biyu: in bai dace ba, ya je wurin mai unguwa, ya roƙi takardar shaidar cewa shi mazaunin unguwa ne, an san shi, an san 'yarsa. Mai unguwa yana iya kai maganar gaban hakimi ko uban ƙasa. Kowace makarantar gwamnati kuma ana sa ran tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kan tafiyar da ita, wanda yakan ƙunshi wakilan iyaye da malamai da masu sarauta da mata, ɗaya daga cikin ayyukansa kuwa shi ne jawo yaran unguwa zuwa makaranta. Shugabannin al'ummomin baƙi, waɗanda suka daɗe a gari, suna da amfani ƙwarai a wannan mataki.

Mataki na uku: ya rubuta wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukumar da makarantar take. Ya kamata a lura cewa birnin ya bazu cikin ƙananan hukumomi da dama, watau Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da sassan Wamakko da Dange-Shuni da Kware, don kada a kai takarda inda ba ta da hurumi. Takardar ta ƙunshi sunan yarinya da shekarunta, da unguwa, da sunan makaranta, da ranar da aka je, da dalilin da aka bayar, da abin da ake roƙo: ko a karɓe ta a can, ko a nuna wata makaranta kusa. A yi kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin ofis a riƙe. Wannan kwafi shi ne jarin mai ƙara a duk matakan da ke gaba.

Mataki na huɗu: in mako biyu ko uku suka wuce shiru, ya kai irin wannan takarda ga Shugaban Hukumar SUBEB, da kwafi zuwa Ma'aikatar Ilmin Firamare da Sakandare ta jiha, ya haɗa da kwafin ta farko.

Mataki na biyar: hukumomin sauraren kuka. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana binciken ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati ba tare da an biya ko kwabo ba. Dokarta ta nemi mai ƙara ya fara bin hanyoyin da ke akwai, kuma kada ya bari wata 12 su wuce, wannan ne ya sa muka nace a kan riƙe kwafi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma tana karɓar ƙorafi kyauta. Dukkansu suna da ofisoshi a jihohi. Wanda ya shigo gudun hijira kuwa yana da hukumar tarayya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda asalinta dokar 1989 ce.

Mataki na shida: kotu. Ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun buɗe ƙofa ga ƙungiya ko lauya su shigar da ƙara a madadin wanda ba shi da hali, akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Mun sa kotu a ƙarshe ne don shari'a tana cin lokaci, shekarar karatu kuwa ba ta jira. Amfaninta ya fi fitowa inda yara da yawa abin ya shafa, ko inda aka ga ƙin ya zama al'ada.

Duk tsawon wannan fafutuka kada a bar yarinyar zaune. Ta ci gaba da zuwa makarantar allo ko Islamiyya, a kuma gwada wata firamare ta kusa, domin 'ya mace in ta saba da talla, mayar da ita aji yakan yi wuya.

6.0 GAJERUWAR HANYA MAI HAƊARI

Akwai wata hanya da wasu iyaye kan bi don gudun wahala, watau su nemi takardar asali ta ƙarya, ko su rubuta yaro da sunan wani maƙwabci a matsayin uba, ko su sauya masa garin haihuwa. Muna ganin wajibi ne a ja kunne a kan wannan. Da farko dai yin takardar jabu laifi ne a dokar ƙasa. Na biyu, ƙaryar tana bin yaro har girmansa. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaida ta ƙasa, wadda dokar 2007 ta tanadar wa 'yan ƙasa da baƙi masu izinin zama. Ranar da sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da na sauran takardu, gyara yakan gagara. Na uku, yaro yana iya tashi tsakiyar ƙasa biyu ba shi da sahihiyar shaida a ko ɗaya, ga kuma rikicin gado da nasaba. Abin takaicin shi ne an ɗauki duk wannan kasada ne don samun abin da doka ta riga ta bayar kyauta.

Wannan ba ya nufin uba ya yi sakaci da takardun zamansa. Gyara su a Hukumar Shige da Fice, da neman takardun ƙasarsa ta hannun ofishin jakadancinta, alheri ne gare shi da 'ya'yansa, musamman in sun kai matakin babbar sakandare da jami'a, inda kariyar dokar 2004 ta ƙare. Abin da muke cewa shi ne magana biyu ce, kowace da ofishinta, kada a jingine karatun yaro sai an gama ɗayar.

7.0 KAMMALAWA

Daga bayanan da suka gabata mun ga cewa ɗan baƙo mai shekara 6 zuwa 16 yana da haƙƙin zama a ajin makarantar gwamnati a Sakkwato daidai da ɗan gari, kuma akwai tsani mai hawa shida da iyaye za su taka in an hana shi. Amma baƙon da bai iya karatu ba, yana kuma tsoron ofis, da wuya ya taka wannan tsani shi kaɗai. Saboda haka muna ba da shawara uku. Hukumar SUBEB ta aika wa dukkan hedimastoci takardar umurni mai bayyana cewa rashin takarda ba ya hana rajista, ta kuma tsara wa'adin kawo ta. A fassara muhimman sassan dokar 2004 zuwa Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowace makaranta, a kuma karanta a gidajen rediyo kafin buɗe makarantu a watan Satumba. Mu kuma malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da sauran makarantun horon malamai, mu sa wannan batu cikin darussan mulkin makaranta, domin hedimastan gobe yana zaune a gabanmu yau.

Yaron da aka mayar daga ƙofar makaranta ba Tawa zai koma ba. A unguwarmu zai girma, tare da 'ya'yanmu, ko da ilmi ko babu. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna waɗannan shawarwari, su gyara inda muka kuskure, su kuma cika inda muka rage.